Gwiwar Hannun Lemuel

Ba mutumin da ya kai Lemuel Gaskill yawan fitowa a bangon hotunan shagon Inna Odessa, amma duk faɗin bangon nan ba inda za ka ga fuskarsa.

Shagon yana gindin gadar katakon da ta miƙe cikin teku daga tashar jiragen garinmu, Pellam, a gaɓar Carolina ta Arewa. Nan muke sayen ƙugiya da dalma da jatan landen da muke sa wa kifi, nan kuma muke shan gori kyauta. Dokar bangon Inna Odessa ta gaje ta ne wurin ubanta: ba a manna hoton kowa sai wanda ya kama babban jan kifi, irin mai baƙin ɗigo a wutsiya. Mai kifi kuwa shi ne wanda sandar fatsa ke hannunsa lokacin da kifin ya tsallako shingen gada. Ba wanda ya jefa ba, ba wanda ya sha wuya ba. Manyan nan hukuma ta hana a ci su, mayar da su ruwa ake yi. Saboda haka hoton shi ne naman, shi ne romon.

To gadarmu tana da tsayi. In ka ce da zare kaɗai za ka ɗago kifi mai nauyin ɗan akuya, zaren zai tsinke ya bar ka da labari. Dole sai an zura koma, zoben ƙarfe mai faɗin tayar tarakta, da raga a ƙasa da doguwar igiya, a tallabo kifin daga ƙarƙashi. Koma ɗaya ce a gadar, ta Lemuel ce, kuma bai taɓa yarda wani ya taɓa ko igiyarta ba. Shi ya sa a kowane hoto mai kifi yana tsakiya yana washe baki, Lemuel yana can gefe a sunkuye, yana shirin mayar da kifin ruwa kafin ya galabaita. Abin da kyamara ke samu nasa, gwiwar hannu. Wani wurin kunne, wani wurin ƙeya, wani wurin takalmin roba. Akwai hoto guda da rabin gashin bakinsa ya fito. Shi yake kai baƙi ya nuna musu.

Yadda ya zama mai koma kuwa, neman aure ne ya jawo. Yana saurayi, yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya ga Verlie ya ce ita yake so. Don ya burge ubanta ya ari fatsa ya biyo tsohon gada. Jifarsa ta farko, ƙugiya ba ta nufi teku ba, kunnen surukin ta nufa. Da aka dawo daga asibiti tsohon ya ba shi 'yarsa, ya kuma ba shi koma, ya ce: "Riƙe wannan, yaro. Na duba ta sama da ƙasa, ba ta da tsini." Tun daga ranar Lemuel bai sake riƙe fatsa ba. Ya yi ta tuƙa yara da safe, yana tallabo kifin mutane da yamma, har ya yi ritaya, har yaran da ya tuƙa suka fara furfura. Verlie kuwa ba ta taɓa taka gadar ba. Ta ce ita ba ta hawa abin da ake hango ruwa ta tsakanin katakonsa.

Bai taɓa kuka da rabonsa ba sai da Hollis, ɗaya daga cikinmu 'yan gada, ya rasu. Al'adarmu ce, in ɗan gada ya mutu, Inna Odessa ta cire hotonsa daga bango, a kai coci a jingina kan akwatin gawa, in an gama a mayar da shi bango. Ga Hollis nan yana dariya da kifinsa a gaban jama'a, ga gwiwar hannun Lemuel a kusurwa. Ana tsakiyar waƙa Dewey wanzami, abokin tsokanarsa tun suna yara, ya matso ya raɗa masa:

"Gwiwa, kai fa in ka mutu wanne za mu kawo? Ta dama ko ta hagu?"

Lemuel bai yi dariya ba. Ana fitowa ya tare Inna Odessa a bakin mota.

"Inna, ko za ki ɗauke ni haka kawai? In tsaya kusa da firij."

"Da wane kifin?"

"Duk kifin da ke bangon nan ni na ɗago shi."

"Duk jaririn da ke garin nan ungozoma ce ta ɗago shi, ka taɓa jin an ce nata ne? Kawo kifi, Lemuel. Bango ba ya alfarma."

Ga shi lokaci ya ƙure. Shi da Verlie sun riga sun sayar da gida, za su koma wurin 'yarsu Arlene can cikin duwatsu, inda ruwa mafi girma shi ne na bahon wanka. Yammar da zan ba ku labari ita ce ta ƙarshe. Washegari motar kaya za ta zo.

Rana ta yi sanyi, iska tana kaɗowa daga arewa, mun jeru a ƙarshen gada kowa da sandarsa, sai muka ji takun Lemuel, ƙwas, ƙwas. Koma a kafaɗar hagu kamar kullum. A hannun dama kuwa sandar marigayi Hollis, wadda matarsa ta ba shi.

Dewey ya duba, ya sake dubawa. Ya juye ruwan bokitinsa ya kifa bokitin a kai.

"Jama'a, kowa ya kare kunnensa!" muryarsa ta fito daga cikin bokiti kamar daga rijiya. "Ni biyu gare ni, kuma duka ina so."

Fasto Burl, wanda kan zo gada da rigar coci a ƙarƙashin rigar ruwa, ya ja da baya a hankali har bayansa ya taɓa shinge.

"Ɗan'uwa Lemuel, Ubangiji yana son mai sabon nufi. Amma ka ba mu sanarwa kafin ka jefa."

"Ku matsa," in ji Lemuel. "Yau ni ma masunci ne."

Ya sa ƙoto a ƙugiya, ya ja da baya, ya rufe ido ya wurga. Duk muka kwanta rub da ciki. Muka ji shiru, sannan can nesa, tsulum. Dewey ya ɗaga bokiti ya shafa kunnuwansa.

"Ikon Allah. Ya sami teku."

"Teku ai da faɗi," in ji Fasto.

Daga nan sai jira. Lemuel bai iya jira ba, domin a da shi ake kira, ba shi ke sauraro ba. Yana riƙe da sanda, idonsa na kan komar da ya jingina. Can ya ce:

"In ya kama, wa zai zura min?"

Sai lokacin muka tuna ba mai hannun da ya san nauyin igiyar nan a cikinmu.

"Ni zan zura," in ji Dewey. "Ai shekara da shekaru ina kallo."

"Shekara da shekaru kana kallon jirgin sama, ka taɓa tuƙawa?"

"To koya min."

"Kar ka taɓa ta tukuna! Hannunka da maiƙon gashi. Ka tsaya nan ka dube ta kawai, ku saba."

Dewey ya tsuguna gaban koma yana kallonta. "Sannu, baiwar Allah," ya ce mata. "Ya haƙuri da tsoho?"

A kan shinge Kansila yana kallonmu duka da ido ɗaya. Kansila tsohon kwasakwasa ne mai jakar baki kamar buhu. Mun sa masa sunan ne don ba a ganinsa sai ana rabon abu.

Rana ta kusa taɓa ruwa, sama ta yi ja, sai sandar Hollis ta lanƙwashe kamar baka. Abin naɗin zaren ya saki ƙara, ƙiiiii! Lemuel ya buɗe baki don ya yi kiran da ya sha ji daga wasu, amma abin da ya fito shi ne abin da bakinsa ya saba:

"Ga ni nan zuwa! Riƙe shi, ga ni nan zuwa!"

"Ina za ka?" Dewey ya daka masa tsawa. "Kai ne mai kifin, sakarai! Jama'a, a naɗe! A naɗe!"

Kowa ya shiga naɗe zarensa don a ba shi fili, kamar yadda ake yi. Kifin ya ja shi hagu, muka bi shi hagu. Ya ja shi dama, muka dawo dama. Shawara kuwa kamar ruwan sama.

"Ɗaga sandar!"

"Kar ka ɗaga, sassauta!"

"Yi numfashi, Gwiwa, ka koma kalar gauta!"

"Ya Ubangijin da ya umarci kifi ya haɗiye annabi," Fasto ya fara, "ka umarci wannan ya yi biyayya."

"Fasto, bar wannan addu'ar, kada kifin ya ji rabinta ya haɗiye mana mutum."

Wani ya ruga shago. Inna Odessa ta fito tana jan ƙafa, kyamararta mai fitar da hoto nan take tana lilo a wuya. Da kifin ya taso saman ruwa ya juya, duk muka leƙa ta saman shinge. Jajur kamar sabuwar tagulla, kai kamar tulu, ɗigon wutsiyarsa kamar an buga hatimi.

"Koma!" in ji Lemuel. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya furta kalmar da sigar roƙo.

Dewey da Fasto suka ɗauke ta su biyu kamar masu ɗaukar gadon mara lafiya. Suka jefa ta a kife.

"Kun kife ta! Ba hula za ku sa masa ba!" in ji Lemuel.

Suka jawo, suka juya, suka sake zurawa. Wannan karon igiyar ta naɗe ƙafar Fasto, ya shiga tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran sunayen manzanni. Koma ta yi lilo ta bugi ginshiƙin gada, ƙwal! Lemuel ya runtse ido kamar shi aka buga.

"A hankali! Ba a taɓa buga ta ba! Dewey, Allah ya isa!"

"Kai ka ji da kifinka!"

A zurawa ta uku koma ta sauka daidai, sai dai akwai guntun kifin ƙoto da ya maƙale a ragar. Kansila ya gani. Ya buɗe fikafikai ya sauka cikin koma ya zauna daram.

"Ta yi nauyi!" Dewey ya yi ihu. "Ya shiga! Fasto, ja!"

Suka ja, suka ja, suna nishi, jijiyoyin wuya a waje. Kan Kansila ya ɓullo ta saman shinge yana haɗiya. Ya dubi Dewey, ya dubi Fasto, ya taka ya sauko kan gada ba ko godiya.

"Wannan ba ya shiga bango," in ji Inna Odessa.

A ƙasa kuwa kifin ya huta, ya fara nufar ginshiƙai, inda kaifin ɓawon kawar da ke manne a jikinsu ke yanke zare kamar reza. Duk mun san in ya kai can, shi ke nan.

Daidai nan muka ji wata murya daga baya.

"Baban Arlene! Lemuel Gaskill, da kai nake!"

Verlie ce. A kan gada. Tana tafe fuskarta a sama tana kallon gajimare, hannu ɗaya na laluben shinge, ɗayan riƙe da ƙunshin ƙosan masara.

"Ina ka sa makullin rumbu? Masu mota sun bugo waya, ni kaɗai ka bari da kwalaye, kana nan kana wasa da tsofaffin banza. Sannunku, Fasto, ban da kai."

Lemuel bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa na kan Dewey, wanda ya ɗaga koma sama yana shirin wurga ta kamar faifai. Abin da ya biyo baya ba shawara ya yi ba, hannunsa ne ya yi. Ya danƙa wa Verlie sanda.

"Riƙe min."

Ya fizge igiya daga hannun Dewey. Koma ta sauka sumul, ba ƙara, ta nutse, ta jira. Kifin ya juyo. Lemuel ya ɗaga sau ɗaya, kifin ya kwanta a ciki kamar jariri a zani. Ya fara ja, hannu bayan hannu.

Sai da kifin ya kai rabin hanya Fasto ya farga.

"Doka! Ɗan'uwa Lemuel, doka! Sandar ba ta hannunka!"

Lemuel ya tsaya cak, kifi na lilo tsakanin sama da ruwa. Hannu biyu duk suna kan igiya.

"Ku soka masa ita a hammata!" in ji Dewey. "Inna, hammata ta halatta?"

Inna Odessa ta yi nazari. "Hammata dangin hannu ce. Na yarda."

"Verlie, miƙo!"

Amma da aka danƙa wa Verlie sanda, nauyinta ya sa ta sunkuyar da kai, ta hango ruwa yana wutsil-wutsil ta tsakanin katako. Tun daga nan ta sandare. Ido a rufe, haƙora a cije, yatsu goma sun naɗe sandar kamar an yi musu walda.

"Maman Arlene, saki."

"Ba na saki. In na saki zan faɗa."

"Sandar ba ta riƙe da komai, ke ce ke riƙe da ita!"

"Ban tambaye ka ba."

Dewey ya gwada ɓamɓare ɗan yatsa ɗaya, ta taka masa ƙafa. Fasto ya ce a ɗauke ta gaba ɗaya, da ita da sandar, a soka a hammatar. Inna Odessa ta ce ko an yi haka hannunta ne ke kai. Ana wannan gardama kafaɗun Lemuel suka fara karkarwa, kifin kuma yana buɗe baki yana rufewa a iska. Lemuel ya leƙa ya dube shi. Ya san ba a barin babba a waje ya daɗe. Ya ja tsaki, ya ɗago koma ya tsallakar da ita shinge.

Ba wanda ya yi tafi.

"Verlie Gaskill," in ji Inna Odessa, "buɗe ido ki yi murmushi."

"Me na yi?"

"Kin kama kifi."

"Ni makulli na zo nema."

Aka ɗora mata kifin a hannu, ta kawar da hanci. Fasto ya ce wa Lemuel ya leƙo ko ta bayan kafaɗarta ne. Amma Lemuel ya riga ya sunkuya yana warware igiya, yana cewa a yi sauri, a yi sauri, launinsa ya fara dusashewa. Kyamara ta yi ƙyas. Ya karɓi kifin ya kwantar a koma, ya zura shi a hankali har ruwa, ya tsaya yana kallo sai da wutsiyar ta kaɗa ta ɓace.

Muka kewaye hoton muna jira ya bayyana. Ga Verlie fuska a yamutse. Ga kifi. A kusurwar dama, ga gwiwar hannu.

"Ta hagu ce," in ji Dewey a hankali. Wannan karon shi ma bai yi dariya ba.

Lemuel ya naɗe igiyarsa tsaf, ya rungumo Verlie ya fito da ita daga gada, idonta a rufe. Muka bi su shago, fitilun tasha sun fara kamawa. Inna Odessa ta manna hoton Verlie. Lemuel ya tsaya gaban bango, hula a hannu.

"Inna, in an zo jana'izata ki kawo na gashin bakin nan. Ya fi kama da ni."

Inna Odessa ta ɗaga kai. Ta daɗe tana duban bangon, daga sama har ƙasa. Sai ta jawo aljihun tebur ta fito da almakashi.

"Dewey, hoton nan naka na shekarar guguwa. Kana amfani da wannan kusurwar?"

"Kunnen Gwiwa ne a wurin. Me zan yi da shi?"

Ƙyas. "Fasto, naka fa?"

"Ƙeyarsa ce. A yanka, sadaka ce."

Ta sa aka yago mata gefen kwalin lemo, aka kawo gam. Muka shiga ciro hotuna, kowa na neman Lemuel a gefen nasa. "Ga takalmi!" "Ga kafaɗa!" "Na sami ido, amma a rufe yake!" "Kawo, haka ma yake a coci." Na waɗanda ba su nan, da na matattu, Inna ta ce ita ce waliyyiyarsu. Rabin gashin bakin ya samu, ɗaya rabin aka ɗauko daga wata shekarar da bai yi furfura ba. Gwiwoyin hannu kuwa suka taru tuli a kan tebur, ta ce ba za a yi asararsu ba, ta manna biyar.

"Kifi fa?" in ji Fasto. "Doka ta ce da kifi."

"Duba da kyau."

Muka duba. Kowane yanki ya taho da ɗan abin da ke kusa da shi: nan gefen wutsiya, can ɓawon ciki, can leɓen kifi. Mutumin da ke kan kwalin, kifi ne kewaye da shi ta ko'ina.

Ta manna shi kusa da hoton Verlie. Lemuel ya sa tabarau ya matsa. Kunne ɗaya ya fi ɗaya girma, ƙafafun duk na dama ne, hannaye kamar na ƙaguwa. Ya daɗe yana kallo.

"Hancin nan ba nawa ba ne."

"Nawa ne," in ji Dewey. "Mun duba bangon kaf, ba ka da hanci. Aro na ba ka."

"Shi za ku jingina min a coci?"

"In an sanar da mu da wuri," in ji Inna Odessa. "Hanyar duwatsun nan ba ta da kyau."

Verlie ta buɗe ƙunshin ƙosan masara ta ajiye a tebur, ta dubi kwalin, ta dubi mijinta.

"Ya fi ka fara'a. To, makullin fa?"

Lemuel ya laluba aljihu ya miƙa mata, idonsa bai bar bango ba. Da za su fita ya ɗauki koma ya rataya a kafaɗa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya dawo ya jingina ta a ƙarƙashin hotonsa.

"Dewey."

"Na'am, Gwiwa."

"Ka wanke hannu tukuna."